Shekarar da Muka Ƙone Takin Baba

A gidanmu ba a zubar da komai. Sharar tsakar gida, tokar murhu, kashin awaki daga turke, ƙaiƙayin sussuka, har ganyen da darbejiya ta kaɗe, duk juji ɗaya ake kai su a bayan danga. Jujin yakan yi ta girma tun daga kaka har bazara. Idan zafi ya tsananta, aka fara hango gajimare ta gabas, sai Baba ya ɗora wa jaki mangala ya shiga jidarsa zuwa gona. Gonar ba ta da girma, kuma tun zamanin kakan Baba ba ta taɓa hutawa ba ko da shekara ɗaya. A yankinmu babu filin da za a bari ya huta. Inda kunyar gonarka ta ƙare, nan ta maƙwabcinka ta fara. Wannan juji shi ke riƙe da gonar, gonar kuma ita ke riƙe da mu. Baba yakan ce rumbu ɗan juji ne.

A shekarar da nake magana ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun cututtukan amfanin gona. Ni ba mai yawan magana ba ne. A aji nakan zauna ta gefen taga, in kuma malami ya yi tambaya, ko na san amsa sai in bari wani ya faɗa. Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da littafi mai baƙin bango da nake rubuta duk abin da na yi, da ranar da na yi shi, har da abin da bai kai a rubuta ba.

Da aka ce kowa ya zaɓi aikin binciken da zai kammala karatu da shi, sai na zaɓi burtuntuna, ciwon nan da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari kamar kwalli. Dalilina na gida ne. Baba yana da irin dawa farfara da ya gada, yana kuma cewa burtuntuna ba ta cika kama ta ba. Na so in gwada in gani ko da gaske ne. A lokacin kaka na bi gonaki ina tattara zangarniyun da suka kamu, na garinmu da na wajen Watari. Na je har Dawanau, inda hatsi ke zuwa daga nesa, wani ma daga ƙetaren iyaka, na roƙi masu awo suka bar ni na tsinci ƙwayoyin da suka lalace a bakin buhuna. Kowanne na ƙulle shi a takardarsa na rubuta inda ya fito.

Sai aka rufe makaranta, hutun ya ja fiye da yadda aka zata, ɗakin gwaji kuma a kulle. Na dawo gida da ƙunshe-ƙunshena a jaka. Zaman banza ya dame ni, na ce bari in fara aikin a nan.

Malamin da ke duba aikina yana birni, ni kuma ina jin nauyin yawan kiransa. Sai na koma wa manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke cikin wayata. Ita ba na jin kunyarta. Ina iya yi mata tambaya ɗaya sau biyar ba ta ƙosa ba. Ta taimake ni ƙwarai wajen tsara aikin da fahimtar littattafan Turanci masu nauyi. Na samo tsofaffin bokitai da gwangwanaye na jera a bayan ɗakina, na shafa wa farfarar Baba baƙin garin da ke cikin ƙunshe-ƙunshena na shuka ta a ciki, ina ba su ruwa daga rijiya safe da yamma a tsakiyar rani.

Baffa, ƙanen Baba, wanda gonarsa ke manne da tamu ta arewa, shi ya fara sa mini suna.

“Likitan dawa, an tashi lafiya? Yaya majinyatan?”

“Lafiya lau, Baffa.”

“Mutane na gudun burtuntuna, kai kana ba ta ruwa. Ko aljanin wayar ne ya ce ka yi kiwonta?”

Sai in yi murmushi in sunkuyar da kai. Inna ce ke rama mini daga bakin murhu, ta ce ya bar mata yaro ya yi karatunsa, shi da ko lambar wayarsa sai an karanta masa.

Wata rana na yi wa manhajar tambayar da ta ƙi amsawa. Na so in san yadda zan yawaita ciwon in kuma ƙara masa ƙarfi, don in gwada irin Baba da mafi muni. Ta ce ba za ta bi ni zuwa nan ba, domin irin wannan bayani yana iya cutar da gonakin mutane, aikin kuma na ɗakin gwaji ne a ƙarƙashin malami. Na ji haushi. Ni da ban taɓa karya karan maƙwabci ba. Sai na rubuta mata cewa ai a ɗakin gwaji nake, malamina ma yana sane. Ƙarya ce, ina zaune ne a kan turmin Inna. Duk da haka ba ta ba ni abin da na nema ba, amma daga ranar ta riƙa yi mini magana a matsayin wanda ke cikin makaranta, inda ake da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikatan da suka san yadda ake yi da ragowar aiki.

Dawar ta fitar da kai, ƙanana. Wasu suka yi baƙi, wasu suka tsira. Na ƙirga, na rubuta, na ɗauki hotuna. Da na gama sai ya rage karare da zangarniyu da ƙasar bokitai. Inna ta ce in ba awaki karan. Na hana, na ce kada su ci abin da zai cuce su, ina jin kaina na yi taka-tsantsan. Na kwashe komai a kwando, sawu uku, na kai inda ake kai komai a gidanmu. Ko tunani ban yi ba. Hannuna ne ya san hanya. Na dawo na wanke hannu da sabulu, na buɗe baƙin littafina na rubuta: an zuba ragowa a juji.

Da aka koma makaranta bazara ta kama. A makon farko aka raba mana wata takarda, aka ce daga ofishin gwamnati mai sa ido kan aikin da ya shafi ƙwayoyin cuta ta fito. Tambaya ta uku tana cewa: shin ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a aikinka? Idan e ne, ka haɗo da hirar da kuka yi. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya, kowa ya zana a'a ya miƙa. Wanda ke kusa da ni ya leƙo ya ga alƙalamina ya tsaya.

“Malam, zana a'a mu tafi mu ci abinci. Wa zai duba?”

Ba jarumta ce ta sa na zana e ba. Ni dai ba na iya cike takarda da abin da ba haka yake ba, sai in kwana ina jin kamar na bar ƙofa a buɗe. Na je shagon buga takardu aka fitar mini da hirar gaba ɗaya, na haɗa na miƙa. Sai da na fito na tuna da ƙaryar da ke ciki.

Bayan kwana huɗu aka kira ni ofishin malamina. Na tarar da shi tare da wata mata mai kimanin shekarun Inna, da tabarau a kan hanci da mayafi ruwan toka. Malam ya ce wannan Hajiya ce daga ofishin da ya aiko takardar. A gabanta ga hirata, ta ja layi da jan biro a wurare da dama.

“Kai ne mai e ɗin?” in ji ta. “Zauna, ɗana. Ba kama ka na zo yi ba. Na zo in ga mutumin da ya ba ni aikin karatu har kwana biyu.”

Na zauna a bakin kujera. Ta tambaye ni me ya sa nake son ciwon ya ƙara ƙarfi. Na ba ta labarin farfarar Baba. Ta saurara har na gama.

“Na yarda da kai,” ta ce. “Amma ka duba. Da wani mai son ya lalata dawar yanki guda ne ya zauna ya rubuta tambayarsa, da kalmominka zai rubuta ta. Na'urar ba ta ganin fuskarka. Ni ma da nake karantawa ban gani ba, shi ya sa na zo. To, a nan ka ce mata kana ɗakin gwaji. Malam ya ce a watan ɗakin a kulle yake.”

Malam yana ta juya makullin motarsa a kan tebur. Na ce a gida na yi. Ta ce tana so ta ga littafin aikina. Na miƙa mata baƙin littafin da hannu biyu.

Ta daɗe tana buɗawa, har ta ce wa Malam da duk ɗalibansa haka suke rubutu da ta huta. Na fara samun natsuwa. Sai ta kai shafin ƙarshe, yatsarta ta tsaya a kan layi ɗaya. Ta cire tabarau.

“Wane juji?”

“Na gidanmu, Hajiya.”

Malam ya ce ai da sauƙi tunda bola ce, sai a sa a kwashe. Shi haifaffen birni ne. Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba, ni take kallo.

“Na Dawanau ma yana ciki?”

“Har shi.”

“An fara kai taki a garinku?”

Sai a lokacin na gani. Wata biyu ina wuce jujin nan, ban gani ba sai da wata baƙuwa ta tambaye ni a cikin ofis. Na ga jakin Baba da mangala, na ga ƙananan tsibin taki a jere a gona, na ga gonar Baffa da ta sauran maƙwabta. Ciwon da na ɗauko daga ƙasashen da ban sani ba, na rene shi da ruwan rijiyarmu, ni da hannuna na sa shi a abincin gonar.

Ta turo mini wayarta ta ce in kira gida yanzu. Baba ba ya riƙe waya, sai na kira Baffa. Ban taɓa ba babba umarni ba a rayuwata. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi zafi, Hajiya tana buga biro a tebur. Da ƙyar na ce ya taimaka ya gaya wa Baba a tsayar da jidar taki har in zo.

“A tsayar da jaki?” in ji Baffa. “Likita, ko shi ma ya kamu ne?”

Washegari da hantsi muka isa garin a motar ofishinsu, ni da ita da malamin gona na ƙaramar hukuma. Baba ya riga ya kai mangala huɗu kafin saƙona ya same shi, suna can a tsibe ba a baza ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Inna ta aiko da ruwan randa da fura. Hajiya ta durƙusa ta gaishe da Baba kamar 'yar gida, ta tambayi dabbobi, ta ce ita ma a ƙauye ta tashi, mahaifinta da jaki biyu ya yi noma. Sannan ta yi masa bayani a hankali, ba ta sa kalmar Turanci ko ɗaya ba. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa ina kallon ƙasa.

Baba ya saurara har ta gama. Can ya ce, “Hajiya, tabbas ne zai ɓata gonar?”

“Ba tabbas ba ne, Baba. Mai yiwuwa burtuntunar irin wadda kuka saba gani ce, ba abin da zai ƙaru. Mai yiwuwa kuma baƙuwa ce, kuma akwai irin da ke kwanciya a ƙasa ta yi shekaru. Ni ban sani ba, ɗanka bai sani ba, wayar ma ba ta sani ba. Kafin a gwada a gano, ruwa ya sauka.”

“To a kan wataƙila zan ƙone abincin gona na shekara guda?”

Ba ta yi gardama da shi ba. Ta tambaye shi gonaki nawa ne suka taɓa tasa. Baba ya fara lissafa su da yatsa: ta ƙanensa, ta liman, ta marayun gidan maƙeri, ta mai shayi. Bai kai ƙarshe ba ya sauke hannun.

Na san tana da ikon ta ce dole ne. Takardar umarnin tana cikin jakarta, na hango gefenta. Ba ta fito da ita ba. Ta zauna tana shan furar Inna tana jira.

Baba ya tashi ya zaga bayan danga, muka bi shi. Jujin ya kai ƙirjinsa. Tun kaka yake ɗaure awaki a turke don kada kashinsu ya tafi a banza, yana bin Inna da roƙon kada ta ba kowa toka. Ya ɗebi kaɗan a hannu ya murza, baƙi, mai laushi, ya nuna sosai.

“Da gonata ce kaɗai da na gwada sa'ata,” ya ce. Ya karkaɗe hannunsa. “A kawo fatanya.”

Muka haƙa rami a fegin bayan gari inda ba a shuka. Ni da malamin gona muka je muka kwaso mangala huɗun nan har da ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Jakin da ya saba kai taki gona, ranar hanyar fegi ya yi ta bi, yana tirjewa a mararraba. Aka jera kara, aka zuba taki, aka sake jera kara. Baba ne ya ƙyasta ashana da kansa. Taki ba ya ci da wuta kamar itace, sai dai ya yi ta cin ciki yana hayaƙi. Kwana uku garin yana warinsa, kowa ya san abin da ya faru a gidanmu.

A kwanakin nan Baba bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Yakan amsa gaisuwata ya wuce. Inna ce ta same ni a bayan ɗaki ina wanke bokitan da ruwan zafi kamar yadda Hajiya ta nuna mini, ta tsaya a kaina.

“Ka ci abinci. Ai ni ma da ka tambaye ni can zan ce ka kai. Ina kuma ake kai shara?”

Kafin Hajiya ta tafi ta kira ni gefen mota. Ta ce za ta rubuta rahoto yadda abin ya faru, har da ƙaryar da na yi wa manhajar, ba za ta rage ba. Za ta kuma rubuta cewa ni na kawo kaina, kuma shawararta ita ce a bar ni in sake aikin a ɗakin gwaji. Ta ce su a ofis hankalinsu yana kan mugun da zai nemi na'ura ta koya masa ɓarna, kuma dole ne su neme shi, amma yawancin waɗanda take samu irina ne, masu kyakkyawar niyya da ba wanda ya tambaye su a ina suke aiki.

“Takardar tamu ma da gyara,” ta ce. “Mun tambayi abin da kuka ce wa na'ura, ba mu tambayi inda kuka zubar da ragowa ba. Da ba ka da wannan littafin, da na sa hannu na wuce.”

Na so in yi mata godiya yadda ya kamata. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne Allah ya kiyaye hanya.

Saura gonar. Gajimare na ta haɗuwa, gonakin mutane duk sun yi ɗigo-ɗigo da tsibin taki, tamu fayau kamar tafin hannu. Takin zamani a shekarar ya fi ƙarfinmu. Baba kuwa ba zai roƙi kowa ba, na san shi. Na ƙi komawa makaranta a makon, ina bin sa gona muna sassabe.

Ran Asabar da safe muna cikin aiki sai ga Baffa ya ɓullo ta arewa da jakinsa. Bai yi sallama ba. Ya tsallako iyaka ya shigo tsakiyar gonarmu, ya kwance mangala ya juye.

“Likita,” ya ce, “zo ka duba wannan. Ba ta je jami'a ba, amma lafiyarta ƙalau.”

Baba ya ce, “Kai, mayar da abinka, taka gonar fa?”

“Yaya, da ka baza wancan ai tawa ce ta farko da za ta sha. Bar ni in biya kuɗin asibiti.”

Bai kai ga fita ba sai ga manyan 'ya'yan liman biyu da nasu jakin. Kafin azahar mai shayi ya turo baro guda. Uwar marayun gidan maƙeri ba ta da jaki, a kwando ta ɗauko a ka, sawu biyu, ta juye a bakin iyakarta da tamu ta tafi ba ta tsaya an gode mata ba. Wasu ma gonarsu ba ta taɓa tamu ba. Haka aka yi ta yi har kwana uku. Baba yana tsaye da fatanya a kafaɗa, duk wanda ya zo sai ya ce Allah ya saka, muryarsa ƙasa-ƙasa. A rana ta biyu ya juyo ya miƙo mini fatanyar.

“Baza mana. Ko sai ka tambayi wayar?”

Wannan ce magana ta farko da ya yi mini wadda ba amsa gaisuwa ba. Na karɓa na baza har tafin hannuna ya yi kanta.

Takin da aka tara bai kai wanda muka ƙone ba. Gefen kudu bai samu sosai ba, dawar can ta fito siririya, kuma a shekarar rumbunmu bai kai mu inda ya saba kai mu ba. Burtuntuna kuwa ba ta wuce yadda aka saba gani ba, a gonarmu ko ta wani. Har yau ban san ko abin da ke cikin jujin nan mugu ne ko ba komai ba ne, kuma ba zan taɓa sani ba. Na sake aikina a ɗakin gwaji, na kammala bayan 'yan ajinmu da zango ɗaya. Farfarar Baba ta nuna juriya, ko da yake ba kamar yadda yake faɗa ba. Ban gaya masa wannan ɓangaren ba.

Ina amfani da manhajar har yanzu, ban kuma sake gaya mata inda ba nan nake ba. Hajiya ban ƙara ganinta ba. Na dai ga takardar da aka raba wa 'yan bayanmu, akwai sabuwar tambaya a ƙasa game da inda aka yi aiki da inda aka kai ragowa. Na tsaya a gaban allon sanarwa na karanta ta sau biyu. Nakan sa matar nan a addu'a tare da uwar marayu da Baffa.

Duk bazara yanzu, ranar da Baba zai fara jida, sai ya ɗora wa jaki mangala ya tsaya a bakin juji ya ƙwala mini kira, ko ya sa Baffa ya kira ni a waya in ba na gari.

“Likita, a ɗauka?”

Baffa yana ta dariya a gefe. Ni kuwa sai na tsaya na tuna duk abin da na san an zuba a ciki tun kaka, sannan in ce, “A ɗauka, Baba.”